Rediyon Kawu Yana Kamawa

Adjamé, Litinin

Zuwa ga ƙanwata Tsahara,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da 'yarki Iklima da mutanen gidanku na Treichville. Mu nan sai godiya, ban da ƙafar nan da ke tuna mini da kanta duk sa'ad da hadari ya haɗo.

Na san za ki ce Yaya Kailu bai canza ba, ana zamanin waya shi yana aiko takarda. To ki faɗa mini abin da kurma zai yi da waya. Shekarun da na yi a tashar jiragen ruwa ƙarƙashin injinan ɗaga kaya sun cinye kunnuwan, wayar shafe-shafen nan kuma ni da ita ba ma shiri. Alu direba yana bi ta ƙofarku kullum in zai shiga port, shi ne gidan wayata.

Kwalin da ya sauke miki, ki buɗe shi a hankali. Rediyo ne. Kafin ki ce na sake kwaso tarkace, ki dube shi da kyau tukuna. Irin na Baba ne sak, wanda ke bisa kanta a ɗakinsa a Tawa, wanda aka hana mu taɓawa, kika taɓa aka dake ni. Guda biyu na tsinta wajen masu sayen tsoffin ƙarafa a bayan kasuwa, wai daga gidan wani tsohon Bafaranshe da aka rushe. Kyankyasai sun yi unguwa a ciki, ɓera ya ci rabin wayoyin. Tun kafin azumi nake kan wannan ɗayan. Na sake waya, na zuba sabuwar dalma, na shafe katakon da mai. Har 'yan ƙusoshin da ke riƙe da maɓallan murɗawa sai da na kankare wani baƙin kaki da ya toshe kansu, na goge su suna walƙiya. Na biyun yana nan kan tebur yana jiran layinsa.

In kin kunna kada ki yi gaggawa. Tsoho ne, sai ƙwayayen da ke cikinsa sun yi ja kamar garwashi kafin ya buɗe baki. Ni ba na jin abin da yake faɗa. Yatsu nake ɗorawa kan ƙyallen da ke gaban lasifika in ji yana rawa, har na iya raba muryar namiji da ta mace, da inda kiɗa ya shigo. Amma yatsa ba ya gaya mini ko Hausa ake yi ko Faransanci ko shuuu ne kawai. Don haka ki ara mini kunnenki ki ba ni amsa: yana kamawa?

Ki gaida kowa da kowa.

Yayanki,
Kailu

Treichville, Alhamis

Zuwa ga Yaya Kailu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da girmamawa, da fatan ƙafa ta yi sauƙi, da fatan ruwan nan bai yi muku ɓarna ba. Iklima ce ke rubuta mini kamar kullum, in ka ga kuskure nata ne, ka san Hausarta ta Abidjan ce.

Yaya, saƙo ya iso. Da na buɗe kwalin sai da na zauna. Na ga ɗakin Baba, na ga buzunsa, na ji ƙanshin shayin da yake dafawa. Na yi kuka, Iklima tana mini dariya. Allah ya saka maka da alheri, Allah ya ƙara wa hannunka albarka, Allah ya jiƙan magabata.

Na ɗora shi bisa kabad na shimfiɗa masa farin ƙyalle. Duk wadda ta shigo sai ta tsaya ta duba. Ladidi aminiyata, ka tuna ta, 'yar garin Madawa mai sayar da atamfa, ta kasa ɗauke ido daga kansa. Ta yaba ta sake yabawa, ta ce ko a gidan gwamna ba ta ga irinsa ba. Ita ce ke aurar da 'yarta Aisha Humaira ranar Asabar, mu ne kan hidima, ko zama ba ma samu. Ka sa yarinyar a addu'a, a hannuna ta tashi.

Ka riƙa shan maganinka, ka rage zama cikin hayaƙin dalmar nan. A gaida Alu da iyalinsa.

Ƙanwarka,
Tsahara

Kawu, ni ce Iklima, wannan nawa ne. Inna ba ta ba ka amsa ba, ni zan ba ka. Rediyon yana kamawa. Yana kamawa sosai, surtout, wato musamman, da safe, da ranar da aka yi ruwa. Inna ta ce kada in faɗa maka, ban san dalili ba.

Adjamé, Laraba

Tsahara,

Gaisuwa. Sauran gaisuwar ta jira. Iklima, kafin ki karanta wa innarki layi na gaba, ki tashi ki zare wayar rediyon nan daga bango. Ki sa takalmi, ki riƙe robar filogin kawai, kada ki taɓa akwatin. Tashi yanzu.

To, in an zare, ku saurara.

Yau saura kaɗan a yi mini salla. Na gama haɗa rediyo na biyu, ɗan'uwan naku. Rufin ɗakina yana yoyo, don haka na naɗe tabarmar robar da nake tsayawa a kai na jingine ta. Na yi alwalar azahar, na shigo ƙafa ba takalmi, na ce bari in murɗa in ji ko ya farka. Ban san lokacin da na bar ƙasa ba. Wuta ta ja ni ta riƙe, hannuna ya ƙi buɗewa, haƙorana suka datse. Nauyin jikina ne ya faɗi da ni ya ɓanɓare ni. Na daɗe a kwance ina kallon kwano, zuciyata tana tsalle tana tsayawa. Babban yatsana ya ƙone, ga ɗigon fari a kansa.

Da na iya tashi na bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Irin waɗannan rediyon ba su da taransifoma. Waya ɗaya daga bango kai tsaye take zuwa ta kama farantin ƙarfen da komai ke zaune a kai. In an soka filogin ta wannan fuska, lafiya lau. In an juya shi, farantin gaba ɗaya wuta ne, haka sandunan maɓallan, haka ƙusoshin da ke kansu. Baƙin kakin nan da na kankare, wanda na ɗauka dattin shekaru ne, masu ƙera shi ne suka zuba don kada fata ta taɓa ƙarfe. Na zauna da allura na cire abin da ke tsare rai, na kuma goge wurin ina jin daɗi. Watanni ina aiki bisa roba da busasshen katako, shi ya sa bai taɓa nuna mini halinsa ba.

Sai na tuna da layin Iklima. Ranar da na karanta shi har Alu na nuna wa. Na ce ka gani, da safe ya fi kama tashoshin nesa, ƙanwata kuma ta hana a gaya mini don kada kaina ya kumbura. Yau na sake ɗaukar takardar na karanta. Iklima, 'yar nan, Faransanci kika yi mini da kalmomin Hausa. Ku a nan in wuta ta ja mutum cewa kuke ta kama shi. Da safe, lokacin da aka goge ƙasa, hannu da ruwan alwala. Ranar da aka yi ruwa. Tun makon jiya kike gaya mini yana jan ku, ni ina nan ina murmushi.

Abin da kuka ji ɗan cizo ne, don kuna da silifa kuma ƙasarku tayil ce. Mai jiƙaƙƙiyar ƙafa a kan siminti ba zai sake shi ba. Tsahara, tsoro nake ji irin wanda ban taɓa ji ba ko a ƙarƙashin kwantena. Ku nannaɗe wayar, ku mayar da shi kwalinsa, ku ba Alu gobe in zai dawo. Kada wani ya ce bari a gwada sau ɗaya.

Allah ya tsare.

Kailu

Treichville, Alhamis

Zuwa ga Yaya Kailu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da jaje. Innalillahi, Allah ya kiyaye gaba, Allah ya sa kaffara ce. Jiya ban iya cin abinci ba da na ji abin da ya same ka. Ka je a duba zuciyar nan, kada ka ce ba komai kamar yadda ka saba. Na ba Alu man kaɗanya ka riƙa shafa wa yatsan.

Game da rediyo, ka kwantar da hankalinka. Ba ya jikin bango a gidan nan, ba kuma wanda zai kunna shi a gidan nan. Gaskiya ne ya ɗan cije ni sau ɗaya ko biyu, amma ban ga dalilin da zan sa ka ji kunya ba bayan wahalar da ka sha. Mutum ya yi watanni yana yi maka abu, sai ka aika masa cewa yana cizo? Ban iya ba.

Ba zan ba Alu shi yau ba, ruwa ake yi, kada katakon ya jiƙe. Sai an samu sarari.

Biki ya yi kyau, an kai amarya lafiya. Ladidi tana gaishe ka.

Ƙanwarka,
Tsahara

Adjamé, Juma'a

Tsahara,

Ina gaishe ki. Man ya iso, na gode.

Na karanta takardarki har na haddace ta. Sau biyu kika ce "a gidan nan". Ke da ba kya maimaita magana sai in akwai wata a ƙarƙashinta, tun kina yarinya haka kike. Motar Alu kuma rufaffiya ce, shinkafa yake ɗauka a cikinta ba ta jiƙewa.

Na tambaye shi abin da ya gani da ya shiga falonki. Ya rubuta mini a bayan kwalin sigari cewa ya ga kabad, ya ga farin ƙyalle, bai ga rediyo ba.

Ina yake?

Ba faɗa zan yi ba. In kin sayar, halak malak, naki ne. In kin jefar a ruwan lagun, na gode miki. Amma in yana ɗakin wani, to ki sani kowace safiya da ta waye ana iya zuwa a ce miki wane ya rasu, kuma ni da ke muka kashe shi, ni da allurata ke da shirunki. Tun shekaranjiya in na ga mutane sun taru a bakin titi sai ƙafata ta ƙi tafiya. Ba na jin abin da suke cewa, sai in tsaya ina karanta bakinsu ina neman kalmar wuta.

Ki faɗa mini gidan kawai. Ni zan je, ba sai sunanki ya fito ba.

Yayanki,
Kailu

Treichville, Asabar da sassafe

Kawu,

Ina kwana. Ni ce Iklima, ni kaɗai. Inna ba ta san na rubuta ba. Ka yi haƙuri da Hausata, wannan karon zan yi a hankali.

Rediyon yana ɗakin amarya. Tanti Ladidi ta yi ta yaba shi a gaban mata, ka san in aminiya ta yaba abu haka a makon bikin 'yarta, ba a barinsa a kabad. Inna kuma ta riga ta ji tsoronsa. Sai ta sa shi cikin kayan jere, ta ce ado ne kawai, kada a kunna. Kowa ya yi guɗa, aka ce ba wadda ta kawo gudummawa irin tata.

Da takardarka ta zo na ce Inna mu kira su. Ta riƙe hannuna ta yi kuka. Ta ce in aka ji ta san yana ja kuma ta kai ɗakin amarya, ba wanda zai ce kuskure ne. Za a ce sammu ne, za a ce don ni ban yi aure ba ta yi wa 'yar Ladidi haka. Ta ce daga Treichville har Tawa ba za ta sake shiga taron mata ba. Ta sa na rantse ba zan ce yana kisa ba. Ta ce za ta nemi dabara ta karɓo shi in an kwana biyu.

Na kira Aisha Humaira duk da haka. Na ce kada ta kunna, ça attrape, wato yana kamawa. Ta yi dariya ta ce firijin kowa a Abidjan yana kamawa kaɗan, tsumma ake sa wa. Ta ce mijinta Badaruddeen yana son shi ƙwarai, shi ya soka shi a bango. Jiya ta sa hoto a waya, tana tsaye kusa da shi, fitilarsa a kunne, ƙafarta da lalle ba takalmi. Kawu, na kasa daina kallon ƙafar nan.

Yau na fito tun asuba in je da kaina in karya rantsuwar. Shataletalen Indénié ya cika, ruwa har gilashin mota, duk tasin woro-woro sun juyo. Wayarta kuma ba ta shiga. Motar Alu ce kawai mai tsayin da za ta wuce, shi ma kaya zai kai arewa, zai jefa maka wannan ya wuce.

Gidan yana kusa da kai, nan Adjamé, a Bromakoté. Bayan masallacin masu goro, ƙofar ƙarfe kore, ɗaki na ƙarshe a hannun dama, labule sabo. Unguwar gangare ce, ka san abin da ruwa ke yi musu.

Ka yafe mini kalmar da na ɓata. Ina jin tsoro, Kawu.

'Yarka,
Iklima

Adjamé, Talata

Zuwa ga ƙanwata Tsahara,

Bayan gaisuwa. Ki yi haƙuri da wannan rubutu kamar tafiyar kaza, da hagu nake yi. Iklima ta zo asibiti ta gan ni, ke ba ki zo ba, kuma na san ba rashin so ba ne. Tunda za ki ji labarin a bakin mutane iri-iri, gara ki ji nawa.

Da hantsi Alu ya miƙo mini takardar ta tagar mota. Na sa dogayen takalman roba na zamanin port, na jefa turnabis ɗina, wato sukudireba mai 'yar fitila a aljihu, wanda ke haske in ya taɓa wuta, na ɗauki sandata. Ruwa ya tsagaita amma tituna duk rafi ne. Abu ɗaya ya riƙe mini zuciya a hanya: an ɗauke wuta. Duk shagon da na leƙa duhu, ba fanka mai juyawa. Na yi ta cewa Allah ka bar ta a ɗauke, Allah ka bar ta a ɗauke. Ban taɓa roƙon haka ba a garin nan.

Na ga masallacin, na ga koriyar ƙofar. Tsakar gidan ruwa har idon sawu, mata suna ta kwarfa da kwanoni. Ina sa ƙafa sai ƙwan lantarkin da ke bakin wani ɗaki ya kama. Yara suka yi tsalle baki buɗe. Kin san abin da kowa ke yi in an kawo wuta, gudu ake yi a kunna abin da aka yi kewa.

Ban san ƙafar nan tana iya gudu ba. Na yi sallama ko ban yi ba, ban sani ba, na dai ɗaga labulen. Tana tsaye a cikin ruwa, tsumman goge ƙasa a hannun hagu, na dama a kan maɓallin. Ba ta motsi. Wuyanta ya sandare, idonta a kaina, bakinta a buɗe. Ban ji ihun ba, Tsahara, amma har in mutu zan riƙa ganinsa.

In na kama ta da hannu, mu biyu za a ɗauka. Na ɗaga sanda na sauke mata a tsintsiyar hannu da duk ƙarfina. Ta faɗi. Na maƙalo wayar da kan sandar na fizge ta daga bango.

Yanzu ki tsaya a tsakar gidan ki duba da idon mutanen. Wani tsoho da ba wanda ya sani ya faɗa ɗakin amarya ya buge ta da sanda, ga ta a ƙasa ba numfashi. Ta bayana aka sauke mini dukan farko. Suka ja ni waje cikin ruwa. Ina ganin bakuna suna tambayata, ba na ji, shirun nawa kuma ya ƙara tunzura su. Na ga wani ya ɗauko taɓarya. Wani saurayi ya taka hannuna na dama da takalmi ya murje, daga baya na san shi ne angon. Kin san yadda ake gamawa da wanda aka kira ɓarawo a Adjamé. Na yi kalmar shahada.

Da hagu na zaro turnabis ɗin na ɗaga sama, ina cewa ni kurma ne, wuta ce, ku mayar da wayar ku gwada. Ban san ko ihu nake ko raɗa ba. Wata tsohuwa da ke riƙe da kan yarinyar ta ɗaga tafin hannunta ta nuna musu ƙunar. Suka ɗan ja baya. Aka fito da rediyon aka ɗora kan benci, angon ya soka shi a bangon baranda, ya karɓi turnabis ɗin ya ɗora kan ƙusar kamar yadda na nuna masa.

Bai yi haske ba.

Na ga fuskokin sun sake rufewa, na ga mai taɓarya ya gyara tsayuwa. Nan ne na fi jin tsoro, fiye da lokacin dukan, don na ɗan lokaci kaina ya tafi fari fat. Sai na tuna. Na yi ta juya hannuna a iska ina cewa juya filogin, juya shi. Ya zare ya juya ya mayar. 'Yar fitilar ta kama, ja wur. Na ga bakuna suna rufewa ɗaya bayan ɗaya.

Yarinyar tana raye. Ta farfaɗo kafin a sa mu a mota ɗaya. Yatsunta sun ƙone, hannun da na buga ya tsage, likita ya ce zai haɗe. Ni haƙarƙari ne da yatsun dama, an ɗaure su da karare. Angon ya durƙusa a gaban gadona ya rubuta mini "pardon Baba". Na ce masa ni na gyara rediyon, ni na cire kakin, laifin hannuna ne.

Ban ce kin san yana ja ba. Ba kuma zan faɗa ba. Wannan maganar taki ce, ki yi yadda kika ga dama da ita. Amma Ladidi ta zauna a bakin gadon 'yarta tana ta sa miki albarka, wai ba ki san yana ja ba, kuma ke kika aiko yayanki ya ceci yarinya. Iklima ce ta rubuta mini abin da take cewa, ta kasa ɗaga kai.

Ki gaida gida.

Yayanki,
Kailu

Treichville, Lahadi

Zuwa ga Yaya Kailu,

Assalamu alaikum. Yaya jiki, yaya hannu. Allah ya ba da lafiya.

Na je. Ranar Juma'a mata sun taru gidan Ladidi yin barka da arziki. Na shiga ta tashi ta rungume ni ta zaunar da ni kusa da ita. Na ji kamar in mutu. Aka kawo fura, na kasa ɗaga ludayi. Sai na ce ina da magana, kuma a gaban kowa zan yi ta.

Na ce na san yana ja. Na ce ya ja ni a gidana, na ji kunyar yayana, na ji daɗin yabon da aka yi mini, na kai shi ɗakin yarinyar da na goya. Na ce an aiko mini cewa yana kisa na yi shiru don tsoron bakinku.

 Ladidi ta dube ni ta ce, "Tsahara, da Iklima ce a ɗakin fa?"

 Na tashi na sa takalmina. Shekara da shekaru in na je gidanta sai ta rako ni har bakin titi, mu tsaya mu sake wata hirar. Ranar ni kaɗai na fito.

Ina nan zuwa ganinka in na iya haɗa ido da hannun nan. Ka yafe mini, Yaya.

Ƙanwarka,
Tsahara

Adjamé, Litinin, bayan ruwa ya ɗauke

Zuwa ga ƙanwata Tsahara,

Bayan gaisuwa. Kwalin nan kin san shi, kada ki gudu.

Gidan amarya sun ce ba sa son ganinsa, kuma ban ga laifinsu ba. Badaruddeen ne ya kawo mini shi, ya kuma riƙa zuwa duk Lahadi yana riƙe mini ƙarfen dalma, ni ina nunawa da baki. Mun sa masa taransifoma da ta raba shi da wutar bango, mun sa fis mai yanke wuta, mun ja waya ta uku zuwa ƙasa, mun narka kaki mun rufe kan kowace ƙusa. Na gwada shi ta kowace fuskar filogi, 'yar fitilar ba ta ko ƙyafta ba. Na tsaya ƙafa ba takalmi a jiƙaƙƙen siminti na riƙe shi da kaina.

An kwance mini kararen. Yatsun suna lanƙwasawa, amma kansu ya mutu. Na ɗora su kan ƙyallen lasifika, ƙwayayen sun yi ja, ban ji komai ba. Na gwada hagu, ita ba ta taɓa koyo ba, rawa kawai take ji ba ta san ta mece ce ba.

In ba za ki iya taɓa shi ba, na fahimta, ki bar shi a kwali. In kin iya, tambayata tana nan inda na bar ta.

Yayanki,
Kailu

Treichville, Laraba

Yaya Kailu,

Assalamu alaikum.

Kwana biyu yana cikin kwali ina zagaye shi. Yau da safe bayan an goge ƙasa na fito da shi. Iklima ta ce bari ita ta kunna, na ce a'a. Na cire silifa. Na yi bismilla na murɗa, na bar hannuna a kai ina jin bugun zuciyata har ya yi ɗumi.

Ya yi shuuu, sai wani mutum ya fito da Hausa tar, kamar yana cikin ɗakin. Ya ce an yi ruwa a Tawa, gero ya yi kyau.

Ladidi ba ta aiko ba tukuna.

Ranar Juma'a zan zo da shi, ka ɗora hagun a kai, ni in riƙa nuna maka namiji ne ko mace har ta koya.

Ƙanwarka,
Tsahara

Kawu, na tambayi Inna yadda ake faɗa daidai. Ba ya ja. Yana kamawa.